Jan Gashin Rukayya

Unguwar Faisal, Alƙahira
Watan Jimada Sani

Zuwa ga Yaya Hawa, a Gumel.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki da duk wanda ya rage a gidan. Habu ne, ƙanenki, wanda a nan ake kira Abakar. In an ce miki na mutu, ban mutu ba. Gwiwa ce ta cinye ni, numfashi kuma ba ya son hawan bene, amma hannu yana nan yadda kika san shi. Malam Ishaq maƙwabcina, dattijo mutumin Damagaram, shi ke rubuta mini. Na ce ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya wanke ta. Hajiya Hassumi da ke zuwa sarin kaya kasuwar Ataba a nan Alƙahira ita za ta kawo, ta ce ta san gidan ɗanki Uzairu. Ta so in kira ki a waya, na ƙi. Abin da zan ajiye a gaban mutane nake so.

Shekara arba'in da wani abu ina ɗauke da magana ɗaya, babu wanda ya taɓa aiko mini ko da sannu a kanta. Kin san ta, amma zan maimaita, tunda ku a can mantuwa ba ta yi muku wuya.

Na taso tun daga Wad Madani ta ƙasar Sudan da matata Ummul-Khairi da 'yata Rukayya don Inna ta ga jikarta. Ba mu daɗe da sauka ba, wata safiya yarinyar ta fito daga cikin gida tana ihu, babu kallabi, kitso ɗaya a tsinke, jini yana bin bayan kunnenta. Wata a cikin matan gidan ta fizge mata kallabi ta ja gashin. Ta ruga zaure wurina. Yaya Badamasi yana zaune da maza, ya dubi kanta ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan jan gashi ba irin gidanmu ba ne. Habu, a tambayi uwarta."

Ƙotar fartanya ce kusa da ni, ita na maka masa. Na ji ƙarar muƙamuƙinsa, har yau ina jinta, kuma ba ta taɓa hana ni barci ba. Kun taru kun danne ni, wani har da zama a wuyana. A duk gidan babu bakin da ya ce Badamasi ya yi ƙarya. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta, ta gyara ɗaurin ɗankwali ta koma ciki.

Maganar ta riga mu isa Madani, alhazan mota suka kai ta. Ummul-Khairi ta daina zuwa suna da biki, haka ta zauna har Allah ya karɓi abinsa. Rukayya kuwa tun da ta yi wayo take shafa baƙin rini duk wata, har fatar kanta ta riƙa saɓulewa kamar ta dafaffen dankali. Mijinta ya rayu da ita ya mutu bai san launin kan matarsa ba. Ita ma ta rasu a hanya da muka gudo daga yaƙi, kusa da Halfa a bakin iyakar Masar, ciwon suga babu magani. Na binne ta da hannuna. Ba ku sani ba, don ba ku tambaya ba.

Kuma gashin nan ba ja ba ne. Bakinmu ne ba shi da kalma, duk abin da ba baƙi ba, ba fari ba, sai mu ce ja. Launin busasshen dabino ne, in rana ta taɓa shi ya koma kamar shayi kafin a sa madara. A garin nan matan Misirawa biya suke yi a mayar musu da kai haka, suna da suna ga kowane iri, wannan na zuma, wannan na gahawa. Abin da aka kashe mini gida a kansa, ga shi nan a kwali ana sayarwa a bakin titi.

Ga abin da ya sa na buɗe baki. Rukayya ta bar 'ya ɗaya, Tagwa, ita ke riƙe da ni. Nata gashin baƙi ne wuluk. Mijinta Bakri, Bahaushen Madani ne, yana ɗaukar kaya a wani shagon rini da gashin kanti a Ataba. Kafin ciki ya tsufa Tagwa tana aikin shara da wanki a gidan wasu Misirawa. Ta haifi namiji, aka yanka rago, Bakri da bakinsa ya raɗa masa Harun, sunan ubansa. Aka yi askin suna. Da gashin ya sake tsirowa, Yaya, sai ga kan Rukayya.

Uwar Bakri ta san tsohon zancen. Ta ce abin gado ne, kaka ta yi, jika ta maimaita, a je a tambayi maigidan da take yi wa shara. Bakri ya kwashe kayansa ya koma wurin abokai. Ya hana a kira yaron Harun, ya kuma ƙi zuwa a yi takardar haihuwa. In ba da uba ba, ba sa bayarwa, kuma yaron da ba shi da takarda a ƙasar nan ko allura wahala ce, balle ya tsallake iyaka wata rana. Na rantse musu kan uwar Tagwa haka yake, suka ce wa ya gani, kuma ko da hakane, ai ita ma an ce ba tawa ba ce.

Ke kika yi wa matan gidanmu kitso tun kina budurwa. Kan da namiji bai gani ba, ke kin gani. Abu biyu nake tambaya. A danginmu, wajen kakanni ko goggonni, wa ke da irin gashin nan? Na biyu, wace ce ta ja gashin 'yata ran nan?

Ban gaishe da Badamasi ba. Kada a ce masa na gaishe shi.

Ƙanenki, Habu.

*

Gumel
Watan Rajab

Zuwa ga Habu.

Wa alaikumus salam. Uzairu ke rubutawa, ni ke faɗa. Muna lafiya, sai ido da ya yi hazo da ƙafa da ke kumbura. Na yi kukan Ummul-Khairi, na yi na Rukayya, Allah ya jiƙan su ya sa sun huta. Ka ce ba mu tambaya ba. Ina za mu tambaya, Habu? Ka fita ba sallama, ka bar mutum kwance cikin jini, ko sunan unguwarku ba ka bar mana ba. Da Inna za ta cika sunanka take kira.

Badamasi yana nan, ya makance. Tun daga ranar bai sake tauna nama ba, kunu da fura ne abincinsa, in yana magana bakin yana ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ban ce masa ka gaishe shi ba. Shi ma bai tambaya ba.

Na ga halinka bai tsufa ba. Ka ji tsoron Allah a ƙasar mutane, ka riƙe hannunka, yarinyar nan kai kaɗai gare ta.

Ka tambayi abu biyu, ɗaya zan iya amsawa. Na kwana uku ina juyi kafin in ce Uzairu ya ɗauko biro. Jan gashin Rukayya daga Inna ne. Ni na gani da idona, ba sau ɗaya ba. Ta ɗora hannuna a kan Alƙur'ani ta rantsar da ni kada in faɗa wa kowa, har ku 'ya'yanta maza.

Yau na karya rantsuwar saboda jaririn nan, zan yi kaffara. Ga yatsana na dangwala a ƙasan takarda. Ka kai ta gaban surukan, a karanta musu, a ce Hawa ce ta faɗa, wadda ta yi wa Inna kitso kuma ta yi mata wanka ranar da ta rasu. Kada ka sake tambayata, nauyin ya ishe ni.

A shafa mini kan Harun. Ni da sunansa zan kira shi.

Yayarka, Hawa.

*

Faisal, Alƙahira
Watan Sha'aban

Yaya Hawa,

Sallama da gaisuwa, Allah ya sauƙaƙa ƙafar. Ni ina kwance, ido ɗaya a rufe, haƙarƙari biyu suna motsi in na yi tari. Malam Ishaq ya ce in bari zuciya ta sauka kafin mu rubuta. Na ce masa in na jira wannan sai a kabari.

Takardarki ta iske ni a mummunar rana. Ana gobe za ta iso, uwar Bakri ta zo da shi, wai za su ɗauki sauran kayansa. A kan matakalar bene, gaban mai gadi da matan maƙwabta, tsohuwar nan ta fizge mayafin Tagwa, ta damƙi gashinta ta karkato kanta wajen haske tana tona tushen, wai ta ga ko rini ne. Tagwa tana goye da yaro. Da ta ture hannun, Bakri ya kwaɗa mata mari har kanta ya bugi bango. Ina masallaci. Na dawo na tarar da leɓenta a fashe, Samar maƙwabciyarmu Bamisiriya tana danna mata ƙanƙara. Ita Samar ɗin ba ta san me ake ciki ba, kullum in ta ga yaron sai ta shafa kansa ta ce zuma ne, ina ma nata 'ya'yan. Duk ranar da ta faɗa sai Tagwa ta shiga banɗaki ta daɗe.

Da safe Hajiya Hassumi ta aiko. Muna zaune da Malam Ishaq gaban gawayin gahawa, ya sa tabarau yana karantawa a hankali. Na ji ta'aziyya, na ji wa'azinki, na ji labarin kunun Badamasi, wannan ya yi mini daɗi. Sai ya zo wurin. Inna ce ta ja gashin Rukayya. Kin gani da idonki, kuma ba sau ɗaya ba.

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na fizge takardar na cusa ta cikin garwashi na danne da tafin hannuna har ta cinye. Ga tabon nan.

Inna. Matar da na keto ƙasa uku don in ajiye mata jika a cinya. Na zargi matan Badamasi, na zargi goggonninmu, ke ma na zarge ki, ban taɓa kawo ta a raina ba. Yarinya 'yar shekara shida, ta kama ta tana ja har fata ta tsage, kina tsaye kina kallo, sannan aka kawo Alƙur'ani aka rufe. Me yarinyar ta yi mata? Tun da na ji labarin rasuwarta ban taɓa sallame salla ban sa ta a addu'a ba. Daga ranar nan na daina. Malam Ishaq ya ajiye biro ya ce ba zai rubuta wannan ba. Na ce ya rubuta ko in nemi wani. Ya rubuta.

Daga gaban gawayin ban koma ɗaki ba. Akwai ƙarfen da mai gadi ke jawo ƙofar shago da shi, na ɗauka na naɗe a buhu na hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya. A Ataba na tarar da Bakri ya ɗoro kwali a kafaɗa. Ya gan ni ya ce, "Ya Hajj, ma'alish, yi haƙuri, nan wurin aiki ne." Na tambaye shi da wane hannu ya mare ta. Sai ya ɗaga na dama don ya kare kai. Na gode masa da ya nuna mini.

Sau biyu na samu. Na farko ya sauka a kwalin, ya fashe, ƙananan kwalaye suka watse a titi, kowanne da hoton mace tana murmushi da gashi irin na 'yata. Na biyu ya sami tsintsiyar hannun, na ji ta tafi. Ya yi ƙara irin ta akuya, ya sa goshi ya fasa mini ido. Abokan aikinsa suka rufe ni da ƙafa. Ina ƙasa ina jin takalma a haƙarƙarina, na kama ƙafar ɗaya na ciza har haƙorina ya tsaya a ciki. Mai shagon ya fito da bokiti ya watsa mana ruwa yana zagin iyayenmu, wata mata tana cewa a bar shi tsoho ne, za ku kashe shi. Babu wanda ya kira 'yan sanda. Izinin zamana ya ƙare, na Bakri ma haka, da mu duka za a kwasa.

Ɗanmalam, shi ne babban mutanen Madani a nan, ya tara mu a gidansa bayan Juma'a. An kawo ni a kujera, an kawo Bakri da hannu a filasta. Ɗanmalam ya zage ni, ya zage shi, ya ce wa uwar Bakri in ta sake taɓa mayafin 'yar mutane shi zai sa a kore ta daga unguwa. Sannan ya yanke. Bakri zai tafi haƙar zinariya bayan ƙaramar salla, mahaƙa kuwa ba kowa ke dawowa ba. In kafin nan na kawo shaidar wadda ta gani da ido cewa gashin nan yana cikin jininmu, Bakri zai je a yi takarda da sunansa. In ban kawo ba, babu mai tilasta shi.

Ke kuma kin zaɓi tambayar da za ta ƙone ni kin amsa, kin bar wadda za ta ceci yaro. Na san ba wajen Inna ba ne, kanta baƙi ne kamar gindin tukunya, na sha ganinsa in ɗankwali ya zame tana daka. To wajen wa? Kakarmu ta wajen Baba? 'Yan'uwanta na Maigatari? Ki tuna, ki faɗa, ki dangwala yatsa.

Habu.

*

Gumel
Farkon Ramadan

Zuwa ga Kawu Habu.

Assalamu alaikum, Kawu. Uzairu ne, da kaina nake rubutawa wannan karon. Ya jiki, ya ibada? Allah ya ba da lafiya, ya kiyaye gaba.

Kawu, an yi kuskure babba, kuma ban san yadda zan faɗa ba tare da na ƙara maka ciwo ba. Umma ba ta ce Inna ta ja gashin Rukayya da hannu ba. Ja na launi take nufi. Tambayarka ta farko ta amsa. A baki muryar ta bambanta, a takarda kuwa harafi ɗaya ne, ni ma ban lura ba sai da na karanta amsarka.

Inna ce mai irin gashin. Da shi aka haife ta. Tun tana amarya dangin miji suka sa ta a gaba da tsokana, suna tambayar daga wane ayari aka tsinto ta, shi ne ta fara shafa shuni da man shanu, ba ta sake bari an ga ainihinsa ba. Baƙin da ka gani shuni ne. Umma ce ke wanke mata kai a bayan ɗaki ta sake shafawa kafin a yi kitso. Wannan duk na ji shi ne ranar da na rubuta waccan takarda, bayan na rufe ta. A ƙasan takardar da ka ƙona akwai yatsan Umma, da umarnin a kai ta gaban surukan Tagwa.

Na so in tsallake wasu wurare da nake karanta mata taka, ta gane, ta ce in karanta duka. Da na zo inda ka ce ka daina yi wa Inna addu'a, ta ce in tsaya. Ta ce, "Na karya rantsuwa ya sa a wuta. Ba ni da ta biyu." Ta juya fuska bango. A lokacin ta riga ta yi azumin kaffara duk da likita ya hana, jikin bai koma daidai ba. Na roƙe ta, matata ta roƙe ta, na kawo liman ya yi mata bayani cewa rantsuwar da aka karya an riga an karya. Ta ce ta ji. Da na kawo tawada ta dunƙule hannu ta sa a ƙarƙashin zane.

Kawu Badamasi ya ji labari a bakin yara. Ya ce ƙarya ne, uwarsa baƙin gashi gare ta, kuma ko a gaban alƙali zai faɗa.

Ka gwada kai wannan tawa gaban Ɗanmalam, ko Allah zai sa su karɓa. Shawarata kuma, Kawu, ka rubuto wa Umma kalma biyu masu sanyi. Ka fi ni sanin halinta, irin naka ne.

Ɗanka, Uzairu.

*

Faisal, Alƙahira
Tsakiyar Ramadan

Yaya Hawa,

Sallama. An ce jikin ya motsa, Allah ya ba da sauƙi. Nawa idon ya buɗe amma ba ya ganin komai sai fari. Ina azumi.

Uzairu ya ce in aiko kalma mai sanyi. Na nema ban samu ba. Rubutun da ba zai iya raba launi da fizga ba, wane irin rubutu ne? Ɗanki ya yi shekaru yana cinye takalmi a makaranta, ya kasa ƙara kalma ɗaya ya ce launi. Malam Ishaq kuma ya karanta mini Hausa da muryar mai karanta lambar mota. Na gaya masa, ya ce da na bar shi ya kai ƙarshe. Kwana biyu ba mu gaisa ba, yau ya zo da biro da kansa.

Na koma sa Inna a addu'a, in wannan ne ya tsaya miki. Amma ki ji abin da nake faɗa wa Allah in na ambace ta. Da ta ja gashin, da sauƙi, hannu ne, zafinsa na yini ɗaya. Ranar nan tana tsaye a bakin ƙofa, da kan nan a ƙarƙashin ɗankwalinta, tana ji ɗanta ya kira matata karuwa a gaban maza. Ba sai ta yi magana ba. Ta ce a kawo ruwa da sabulu kawai, da zancen ya mutu kafin azahar, da muƙamuƙin Badamasi ma bai tafi a banza ba. Sai ta ƙara ɗaure ɗankwali. Ke kuma da kika san abin da ke ƙarƙashinsa, kina cikin masu riƙe mini hannu. Ummul-Khairi ta mutu tana tambayata ko ni ma a raina ina shakka. Ban taɓa yi ba, amma ba ni da abin da zan nuna mata.

Na kai takardar Uzairu gidan Ɗanmalam. An karanta. Uwar Bakri ta yi dariya ta ce ɗa ya ji a bakin uwa, uwa ta ƙi sa hannu, Badamasi kuma ya ce ƙarya ne, wannan ita ce shaidar? Ɗanmalam ya ce a gaskiya ba ta cika ba. Amma Bakri bai yi dariya ba. Tagwa tana gefe da yaron, Bakri ya daɗe yana kallon kan jaririn. Ya tambaye ni me ake nufi da shuni, na gaya masa. Ya ce a shagonsu ma rabin masu sayen baƙi ba furfura suke rufewa ba. Uwarsa ta daka masa tsawa, bai dube ta ba. Ya ce, "In tsohuwar ta faɗa da kanta ta sa yatsa, zan je. Ko hannun bai warke ba zan je." A gaban mutane ya faɗa.

Kin ji inda aka tsaya. Tsakanin yaron nan da sunan ubansa babu kowa sai ke.

Shekaranjiya da la'asar na shigo na ji wani wari da na sani. Tagwa tana durƙushe a banɗaki, ta kwaɓa baƙin rini a murfin kwano, ta kwantar da yaron a cinya, ta riga ta shafa gefe ɗaya. Yana ta tsala kuka, fatar ta yi jawur. Na doke murfin ya fantsama a bango, hannuna ya wuce ya sami fuskarta, wurin da bai gama warkewa ba. Ban taɓa dukanta ba tun da aka haife ta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kaka, in ya yi baƙi kowa zai huta." Na karɓe shi na tara kansa a famfo ina wankewa, baƙin ruwa yana bin hannuna har gwiwa. Samar ta kawo wani mai ta shafa masa. Wurin ya tashi, gashin gefen ya zube. Tun ranar ina kwana da shi a gefena, duk wani kwali da ke gidan na zubar.

Hajiya Hassumi za ta taso daga Kano sau ɗaya kafin salla, daga nan sai bayan Bakri ya tafi. Na gaya wa Ɗanmalam, ke ma ina gaya miki, mutumin nan ba zai hau mota ya bar yaro ba suna ina numfashi ba. Na san tashar. Mai gadi ya ɓoye ƙarfensa, amma garin nan ba ƙarfe ɗaya gare shi ba, kuma wannan karon ba hannu zan nema ba. In an kulle ni ko an kashe ni, Tagwa ta rasa miji ta rasa kaka, ki san da hannunki a ciki, wannan da kika ɓoye a ƙarƙashin zane.

Fushinki da ni ne, to ki riƙe shi, ki zage ni a saman takarda ki cika ta, zan sa a karanta mini har ƙarshe ina zaune a kan hannuwana. Amma a ƙasa ki faɗi launin kan uwarmu da kalmar da ba za ta juye ba. Ki ce dabino, ki ce shayi, ki ce abin da kika gani in ruwa ya wanke shunin. Ki sa yatsa.

Inna ta yi shiru har aka rufe ta. Badamasi an gaya masa gaskiya ya ce ƙarya ne. Kowa a gidan nan ya sami inda zai juya fuska, ni kaɗai nake ta magana kamar mahaukacin kasuwa. Ke kika ce da sunansa za ki kira yaron. To yana nan a cinyata, rabin kansa a saɓule, ubansa yana jiran kalma ɗaya daga bakinki. Ki amsa mini, Hawa.

Habu.